Keken kwamfuta bai san aska takwas ba sai an koya masa

A shagunan teloli na Wuse da Garki a Abuja, aikin kwamfuta ya mamaye wuyan kaftani da gaban babbar riga, har wasu na cewa sana'ar surfani ta mutu. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin injin kansa. Allura ce ke huda yadi ta kai zaren sama ƙasa. Da ta fara ɗagowa sai zaren ya ɗan lanƙwashe, wata ƙugiya mai juyawa ta cafke shi ta zagaya da shi bayan kwarkwaro, zare biyu su sarƙe. Wannan sarƙewar ita ce dabarar da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka tun 1846. Abin da kwamfuta ta ƙara wa injinan surfani irin su Tajima da Barudan na Japan shi ne na'urori masu tura firam ɗin da aka ɗaure yadi a kai, gaba da baya, dama da hagu, allura tana soke wuri ɗaya. Kwamfutar ce ke sauya launin zare, ta yanke shi, ta tsayar da inji in ya tsinke. Amma kowane suka, mutum ne ya tsara inda zai faɗa.

Nan ne damuwata take. Da yawa daga masu injinan nan zanen da suka kwaso a intanet suke zuba musu, furanni da tambarin kamfanonin waje, alhali aska takwas da aska biyu da tambari suna nan, gadon masu ɗinkin Zariya da Kano da Bida.

Za a ce inji ya karya kasuwar masu aikin hannu, musamman matan birnin Zariya da ke shafe makonni kan riga ɗaya. Gaskiya ne ya rage musu ciniki, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai wanda ya san tufa yana gane aikin hannu tun daga nesa, kuma yana biyan kuɗinsa. Cutar tana zuwa ne in an sayar da aikin inji da sunan na hannu, ko an kwafi zanensu ba a ba su ko sisi ba.

Telolin Abuja, ku sa yaranku su koyi tsara zane a kwamfuta da gyaran injin, kuma ku biya masu aikin hannu ladan zanen da kuka ɗauka daga wurinsu.