Budurwar da Ta Ƙi Zaɓin Uwarta

A shekarar 1813 aka buga littafin nan Pride and Prejudice na Jane Austen, wata marubuciyar Ingila. Labarin Elizabeth ne, ta biyu cikin 'ya'ya mata biyar na Mista Bennet. Da yake ba shi da ɗa namiji, in ya rasu gidansa da gonakinsa sai su koma hannun wani danginsa, Collins. Collins kuwa ya nemi aurenta. Uwarta ta matsa mata don asirin gidan ya rufu, amma ta ƙi, gama ba ta ganin girmansa.

Kada mai karatu ya ɗauke ta marar biyayya. Ubanta ya goyi bayanta, kuma sa'ad da ƙanwarta Lydia ta gudu da wani hafsa, nan da nan ta katse tafiyarta ta komo gida.

Sai dai marubuciyar ta sassauta mata, ta aurar da ita ga attajiri, Darcy. In da bai fito ba, ina za su fake? Ƙawarta Charlotte, wadda ta auri Collins don ta sami wurin zama, ita ce ta nuna irin kasadar da Elizabeth ta yi.