Fim Ɗin Ƙauye, Kwanon Birni: Ina Aka Kai Jeren Iyayenmu?

Mai karatu, in ka sake zama kallon fim ɗin Hausa, don Allah ɗan ɗauke idonka daga fuskar jaruma, ka dubi kayan da ke cikin ɗakin da aka ajiye ta. Abin da na yi ke nan kwanan baya da wani fim da ba zan kama sunansa ba. An ce mana labarin ya faru ne a wani ƙauye a zamanin Sardauna. An yi ƙoƙari wajen sutura, an samo ɗakin ƙasa, har da fitilar ƙwai. Amma da amarya ta kawo wa ango tuwo, sai ga shi cikin kular roba irin wadda ake sayarwa yau a Sabon Gari. Nan take labarin ya fice mini daga rai. Sardauna dai a 1966 ya rasu, ita kuwa kular jiya-jiya aka ƙera ta.

Na san wani zai ce, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan kwano? Ai nan maganar take. A wasu ƙasashe tara tsofaffin kwanuka sana'a ce ta manyan attajirai. A 2014 an yi gwanjon wani ɗan ƙaramin kofin tangaran mai zanen kaji a Hong Kong, na zamanin sarakunan Ming na ƙasar Sin, wani attajiri mai suna Liu Yiqian ya saye shi a kan kusan dala miliyan 36. Mu a nan masu tara kwanuka ba attajirai ba ne, iyayenmu mata ne, abin da suke tarawa kuma shi ne jere.

Duk wanda ya taso a gari irin Ɗanbatta ya san jere ba ado kaɗai ba ne, tarihi ne a jikin bango. Da farko ƙorai ne masu zane, da fayafai, da akushi. Sai tasoshin tagulla suka shigo, waɗanda ake gogewa da toka har su yi ƙyalli. Daga nan sai zamanin langa da kwalla da fanteka, wato ƙarfen da aka shafa wa ruwan gilas aka gasa, shi ya sa in ya faɗi yake ɓarewa ya bar baƙin tabo. Da daga waje ake kawo su, kafin 'yan kasuwar Hong Kong su kafa masana'antunsu a Legas da Kano a wajejen shekarun 1960. Bayan su aka yi yayin samira, sai tangaran da kofunan gilas a cikin kabet, ga kuma tire da butocin shayi da alhazai ke dawowa da su daga Makka. Tsohuwa in ta leƙa ɗaki sau ɗaya za ta iya gaya maka lokacin da aka yi auren mai ɗakin. Har wata Bajamushiya, Editha Platte, ta yi rubutu a 2004 a kan irin wannan jere a ɗakunan matan Barebari. Baƙo ya taso daga Jamus ya yi nazari, mu masu abin mun kasa saka shi daidai a fim.

Kuskuren zamani ma shi ne ƙaramin laifin. Babban laifin shi ne daraktocinmu ba su gane jere yana magana ba. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ba na miji ba. Da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli uwa ke tara wa 'yarta su tun tana ƙarama. In aure ya mutu, da su za ta fita. In ciwo ya shigo gida, ko hatsi ya ƙare kafin kaka, su za a miƙa wa dillaliya a ɓoye. To, mai karatu, ɗauka a ce darakta ya nuna mana jeren amarya cike a farkon fim, sannan duk bayan fitowa biyu ko uku mu ga gurbin kwalla ɗaya babu komai, har bango ya koma fayau. Wace waƙa ce za ta faɗi halin da matar nan take ciki fiye da wannan? Amma ina! Sai a ba ta minti biyar tana kuka tana yi wa kyamara bayani.

Marubutan littattafai ma ba su tsira ba. Da yawansu sai su cika shafi biyu da lissafin gado ɗan Dubai da kujeru 'yan Italiya, amma ba a sake jin kayan sun taɓa labarin. Wannan ba siffantawa ba ce, talla ce.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan suna ƙarewa. Wata Lahadi a kasuwar Ɗanbatta na ga wani yaro ya kawo tasoshi huɗu a buhu, ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya biya shi kuɗin kilo. Da na tambaya, sai ya ce na kakarsa ce da ta rasu, babu mai so a gidan. Narka su za a yi. In haka ta ci gaba, nan gaba mai son ganin ɗakin amaryar da sai dai ya biya kuɗin shiga Gidan Makama.

Ba cewa na yi abin ba ya yiwuwa ba. Wanda ya kalli Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, ya san ana iya wahala a nemo kayan da suka dace da zamanin labari. Don haka furodusoshi, kafin ku fita lokeshin, ku ware abin da bai kai kuɗin waƙa ɗaya ba, ku tura mai kula da kaya ya zauna da tsofaffi, ya yi aro ko ya saya da daraja. Kai kuma mai karatu, in akwai sauran langa ko tasa a ƙarƙashin gadon Hajiya, tambaye ta wa ya saya mata, kuma a wace shekara, tun tana da ran ba ka amsa.