3.4 Masanan Larabawa da Kafofin Yammacin Duniya ke Fifitawa

A Gatawa da sauran garuruwan yankin Sabon Birni da Isa, rediyo ta daɗe tana zama hanyar jin labarin Gabas ta Tsakiya, musamman sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da na Muryar Jamus da aka buɗe a 1963. Saboda haka, duk masanin da kafofin Turai da Amurka suka ɗaukaka, mai sauraro yakan ɗauke shi a matsayin bakin Larabawa baki ɗaya.

Idan aka duba, masu sassauci ga Isra'ila sukan sami fili. Fouad Ajami, ɗan asalin Labanan, ya daɗe yana sharhi a talabijin na CBS, ya kuma goyi bayan mamaye Iraƙi a 2003. Ali Salem, marubucin wasan kwaikwayo na Masar, ya ziyarci Isra'ila a 1994. Ƙungiyar marubutan Masar ta kore shi a 2001, sannan wata gidauniyar Amurka ta ba shi lambar yabo a 2008.

Sai dai ba za a ce an toshe bakin kowa ba, domin BBC ta ba Edward Said, Bafalasɗine mai sukar Sahyoniyanci, damar gabatar da laccocinta na Reith a 1993. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'auni: ana gabatar da ra'ayin 'yan tsiraru tamkar shi kaɗai ne na masu hankali. Don haka ya kamata mai sauraro ya riƙa tambayar wane ne ya zaɓi masanin, kuma wa aka bari a baya.