Munduwar Gashi ta Zamanin Sarauniya Biktoriya

Dillalan tsofaffin kayan ado na Turai suna kasa mundaye ne zamani-zamani. Akwai na zamanin Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, masu siffar maciji ko ɗamara. Sai salon Art Nouveau na wajen 1890 zuwa 1910, mai furanni da kwari, wanda René Lalique ya yi fice a kansa. Daga nan Art Deco, da ya samo sunansa daga baje kolin Paris na 1925, mai miƙaƙƙun layuka da daiman jere a kan farin ƙarfe. Waɗannan duk sun sha yabo. Wadda aka bari a baya ita ce munduwar da aka saƙa da gashin mutum, kuma zargi biyu ake yi mata: wai kayan makoki ce mai tayar da tsikar jiki, wai kuma ba ta da daraja tunda babu abin ɗorawa a sikeli.

Zargin farko bai da ƙarfi. Gaskiya ne rasuwar Yarima Albert, mijin Biktoriya, a 1861 da doguwar takabar sarauniya sun bunƙasa adon makoki, har baƙin dutsen garin Whitby ya yi kasuwa. Amma da yawan mundayen nan gashin rayayyu ne: na budurwa ga saurayi, na 'ya'ya ga uwa, na ƙawa ga ƙawar da za ta yi nisa.

Zargi na biyu kuwa sai wanda bai san yadda ake aikin ba. Ana fara wanke gashin a fitar da maiƙonsa, a daidaita tsawonsa, a kasa shi ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri da adadin sili ɗaya da 'yan uwansa. Masaƙiya tana zama gaban wani ɗan teburi zagayayye mai huda a tsakiya. Kowane ɗauri an rataya masa dalma a bakin teburin, a tsakiya kuma wani nauyin yana jan saƙar ƙasa ta cikin hudar. Sai ta riƙa ɗaga ɗauri biyu masu fuskantar juna tana musanya musu wuri bisa tsari, saƙar tana naɗe wata siririyar sanda. Duk mai kitso ta san abin da kuskuren hannu ɗaya ke jawowa. A nan ma in ɗauri guda ya kauce, aibin zai bi munduwar har ƙarshe. In an gama, a tafasa saƙar da sandarta, a busar da ita da zafi, sannan a zare sandar. Abin da ya rage bututu ne mai raga, iska na ratsa shi, yana miƙewa ya shiga hannu ya koma yadda yake. Maƙerin zinariya bakin kawai yake rufewa ya sa maɗauri. Shi ne ƙaramin ma'aikaci a nan, ko da yake aikinsa kaɗai dillali ke yi wa kuɗi.

Mata da yawa sun riƙe sana'ar. Matan ƙauyen Våmhus na Suwidin sun yi ta yawo biranen Turai suna ci da ita. Da zargi ya yi yawa cewa wasu shaguna na musanya gashin da aka kai musu da na wani, sai matan gida suka koma yi da kansu, littattafai irin na Mark Campbell na 1867 suna koya musu zane-zanen saƙar.

Wannan ne ya sa munduwar gashi ta fi ta Art Deco cancantar nazari. Daiman ana cire shi a mayar a wani gida, zinariya ana narkar da ita, don haka mundaye masu tsada da yawa sun salwanta a tukunyar maƙera. Gashi ba ya narkuwa ya zama kuɗi, sai aka bar shi yadda masaƙiyar ta bar shi. Yayin ya mutu a farkon ƙarni na 20, lokacin da hoto ya wadata kuma dogon makoki ya daina burge mutane. Samfuransa suna nan a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan.