Mutumin Kirki a Lokacin Gudun Hijira

A 1974 Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan “mutumin kirki” a wurin Bahaushe, inda ya jera halaye kamar gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Muna yaba aikin, domin ya saurari yadda Hausawa da kansu suke auna mutum.

Amma idan muka kai wannan ma'auni Sabon Birni da Isa, sai mu ga iyakarsa. Manomin da 'yan bindiga suka ƙaƙaba wa ƙauyensu haraji, ya sayar da shanun huɗa, ya tsallaka jihar Maradi, da me zai yi karamci? Jiya shi ke saukar baƙo, yau shi ke bin layin tallafi. In abin da yake iya yi ne darajarsa, zai ɗauka ya tashi daga mutum.

Farawa 1:27 ta kafa darajar mutum a kan siffar Allah, tun bai aikata komai ba. Saboda haka kada mu fara masa da wa'azin haƙuri. Musulmi ne ko Kirista, mu gaishe shi gaisuwar maigida, mu nemi shawararsa, sa'an nan mu miƙa masa hatsi.