Masu Feshin Fenti na Kakuri

Tun 1975, da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, wannan yanki na kudancin Kaduna ya saba da warin fenti. Yawancin masaƙun unguwar sun daɗe da rufewa, amma a garejojin Kakuri da Makera da Nasarawa har yau akwai gwanayen da za ka kai musu motar da ta sha karo, su maido maka da ita kana ganin fuskarka a jikin ƙofa.

Feshin kansa ɗan lokaci ne. Shiri ke cin kwanaki. Fenti mai sheƙi ba ya rufa wa ƙarfe asiri, duk 'yar lotsawa sai ya tona ta. Shi ya sa bayan fanal bita ya gama bugu, mai fenti zai shafa fila, ya goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, ya bi da 180, ya fesa faraima, sannan ya koma gugar da ruwa, da lamba 600 ko 800. Tafin hannunsa yake bi da shi a kan ƙarfen, don yana jin tudun da ido ba ya gani.

In an zo feshi kuwa, ka tsaya ka sha kallo. Tazarar bindigar feshi da mota kamar taƙi guda. Hannu na tafiya kafin ya danna, ba ya saki sai ya wuce gefe, kowane layi yana hawa rabin na baya. Shafi biyu ko uku marasa kauri, ana ɗan dakatawa tsakaninsu. Ya matso da yawa, fenti ya zubo. Ya yi nisa, ya bushe a iska ya sauka da kaushi. Tina ma, wato ruwan sirka fenti, sai da awo.

Kuma fa yawanci a ƙarƙashin rumfa ake wannan, ba a rufaffen ɗaki irin na kamfani ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai an yayyafa wa ƙasa ruwa. Da damina laima na sa sheƙi ya dushe.

Abu guda ke ɓata mini rai: yaran shago masu feshi da tsumma a hanci. Maganin da ke sa fenti ya yi tauri yana jawo ciwon asma, tsumma kuma ba ya tare shi. Iyayen gida, a saya musu takunkumi mai matata.