Labaran Bin Sawu da Masu Rubuta Su

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da kan faru ran da aka wayi gari aka tarar an fasa rumbu. Kafin rana ta ɗaga mutane sun taru, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Sa'an nan a ce kowa ya ja da baya kada a tattake ƙasa, a aika a kira wani dattijo wanda ya iya bin sawu. Shi kuwa ba mai yawan magana ba ne. Ya tsuguna ya dubi ƙasa, ya ce mai wannan sawu yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma ya zo hannu wofi ya koma da kaya, gama sawun komawa ya fi na zuwa nutsewa. A Kurya Madaro, inda na yi ƙuruciya, na ga an yi haka, ban kuwa taɓa ganin taron da ya yi tsit kamar wannan ba.

To, akwai wani irin littafi da Turawa suka daɗe suna rubutawa wanda tushensa shi ne wannan tsugunon na dattijo. An yi ɓarna a wani ɗan ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, yawanci kisan kai ne, amma marubuci ba ya nuna maka jini ko azaba. Wanda zai gano mai laifin kuwa ba ɗan sanda ba ne, ba ya ɗaukar makami. Tsohuwa ce, ko malamin makaranta, ko mai ɗan kanti. Sunan da suke kiran irin waɗannan littattafai da shi yana nufin labarin da ake karantawa a kishingiɗe cikin ɗumin ɗaki. Mu bari mu kira su labaran bin sawu. Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, kuka fara neman abin karantawa don nishaɗi, ya kamata ku san labarinsu, da abin da ke cikinsu na kirki, da inda suka gaza.

Uwar masu wannan sana'a ita ce wata Baturiya Agatha Christie, wadda aka haifa a Ingila a 1890, ta rasu a 1976. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti, can ta san sirrin dafi iri iri, shi ya sa mutanen littattafanta suka fi mutuwa da abin da aka zuba musu a shayi. Littafinta na farko ya fito a 1920, kafin ta rasu kuwa ta rubuta 66 na bincike. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne tsohuwar nan da ta ƙago, Miss Marple, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauye, kullum tana saƙa, tana leƙen hanya ta taga. 'Yan sanda suna raina ta, masu laifi ma haka, sai su saki baki a gabanta. Dabararta guda ce. Kowane baƙo ta gani sai ta ce ya tuna mata da wane na ƙauyensu, wanda ya taɓa yin kaza. A ganinta halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, wanda ya san ƙauyensa sarai ya san birni. Wannan magana kowace tsohuwa a ƙasar Zamfara za ta yarda da ita, har ta ƙara da nata misalin.

Marubutan wancan zamani sun ɗauki aikin nan tamkar dara ce tsakaninsu da mai karatu, dara kuwa ba ta yiwuwa sai da ƙa'ida. A 1929 wani limamin coci, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai, ya tsara ƙa'idodi goma. Cikinsu akwai cewa lalle a ambaci mai laifin tun farkon littafi, kada a ɓoye shi sai ƙarshe a jawo shi daga daji. Duk alamar da mai bincike ya gani, a nuna wa mai karatu ita ma. Kada kuma a warware matsala da aljani ko tsafi ko mafarki. Ita Agatha ba ta cika bin ƙa'ida sau da ƙafa ba. A wani littafinta na 1926 likitan da ke ba da labarin da bakinsa shi ne ya yi kisan, aka yi ta gardama ko ta yi wa masu karatu maguɗi. Ni dai a ganina ba ta yi ba, gama duk wanda ya koma ya sake karantawa zai ga likitan bai faɗi ƙarya ba, tsallake wasu wurare kawai ya yi, kamar yadda mai wayo kan yi a gaban alƙali.

Ƙa'idar nan ta hana tsafi ita ce ta fi muhimmanci gare mu. Ku dubi abin da wani mutumin Zanzibar ya yi da ita. Sunansa Muhammed Said Abdulla, ya yi aikin duba-gari, daga baya ya koma aikin jarida. Hukumar talifi ta Afirka ta Gabas ta sa gasar rubutu da harshen Suwahili, ya ci, aka buga littafinsa a 1960. An tsinci gawar wani attajiri a wani wuri da mutane ke tsoro don sun ce mazaunin iskoki ne. Mai bincikensa, Bwana Msa, ya shiga wurin da lofensa a baki, ya duba, ya auna, ya nuna hannun mutum ne ya yi aikin. Marubucin bai zagi mutanensa ba, bai kuwa yi musu wa'azi ba. Ya bar alamu su yi magana. Yarbawa ma sun yi nasu. Oladejo Okediji ya fitar da nasa a 1969, Kola Akinlade kuma ya rubuta wanda sunansa ke tambaya wa ya kashe ɗan sarki. Watau ke nan abin ba sai da Turanci yake yiwuwa ba.

Mu kuwa fa? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar da ta haifi littattafan ƙagaggun labaranmu na farko. Ɗaya daga cikinsu, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Daga baya Tanko Zango ya rubuta Da'u Fataken Dare, shi ma kan 'yan fashi. Lura da kyau, a nan marubuci yana tafe tare da ɓarawo ne, muna ganin wayonsa, muna dariya, har a ƙarshe dubunsa ta cika. Makaɗanmu ma haka. Kassu Zurmi ya yi suna wajen waƙar 'yan tauri, Gambo kuma har ɓarayi ya yi wa waƙa. Mun iya yabon mai ƙarfi da mai wayo. Mai tsugunawa ya dubi ƙasa kuwa ba shi da makaɗi. Cikin littattafan da suka yi ta fitowa daga Kano tun wajen 1984 akwai masu 'yan sandan ciki da bindigogi da tseren motoci, amma waɗanda suka zo hannuna sun fi kama da sinima, ba su ba mai karatu zarafin ya zauna ya yi lissafi da kansa.

Abin mamaki, kayan aikin duk muna da su. Kowa ya san labarin alƙalin nan da ya raba wa waɗanda ake tuhuma sanduna masu tsawo ɗaya, ya ce sandar ɓarawo za ta ƙara tsawo kafin safe, ɓarawo ya je ya rage tasa. Alƙalin bai yarda sanda tana tsawo ba. Tsoron da ke zuciyar mai laifi ya sani, da shi ya yi tarko. Har wa yau duk wanda ya yi karatun allo ya kai Suratu Yusuf ya san yadda aka duba inda riga ta yage, ta gaba ko ta baya, aka gane mai gaskiya. Malamanmu na shari'a kuma sun koyar cewa kawo hujja yana kan mai ƙara. Ashe auna alama kafin yanke hukunci ba baƙon abu ba ne da za a ce Turawa suka kawo.

Da zan ba marubuci shawara, in yana son ya kafa labarinsa a Kurya Madaro ko Zurmi, sai in ce ya ɗauki dillaliya ta zama mai bincikensa. Wa ya kai ta shiga gidaje? Ta san wadda ta sayar da tasoshin aurenta a ɓoye, ta san wadda ta yi sabon zane alhali mijinta bai sayar da ko tiya ɗaya ta gero ba. Ba a tashi don ta shigo, ba a yin shiru don tana zaune. In ana son namiji, ga wanzami, wanda kan kowa ke bi ta hannunsa. Laifin ma ba sai kisan kai ba. Kuɗin adashi ya ɓace daren kwasa, ko an ga ragon layya na wani a kasuwar Shinkafi ran Alhamis da tsagar kunne sabuwa. Wannan ya isa littafi guda, in marubucin ya san gari.

Wani Bature ɗan Sikotilan, Alexander McCall Smith, malamin shari'a wanda aka haifa a Bulawayo a 1948, ya gwada kusan haka. A 1998 ya fitar da labarin Mma Ramotswe, wata mace a Botsuwana da ta sayar da shanun gadon ubanta ta buɗe ofishin bincike. Yawancin abin da ake kawo mata ƙananan al'amura ne, miji ya ɓace, ko ana zargin ma'aikaci da cuta. Akwai inda wani tsoho ya zo ya tare a gidan wata mata, wai shi ne ubanta da ya daɗe da ɓata. Mma Ramotswe ta sa kayan ma'aikatan asibiti, ta je ta ce masa 'yarsa ta yi haɗari, sai an ɗebi jinin uba mai yawa an ƙara mata. Nan take ya ce shi ba ubanta ba ne. Ga sandar alƙali ta sake dawowa. Littafin yana da daɗi, sai dai Afirkar da ke cikinsa ta cika lafiya, kamar wadda baƙo ya hango daga inuwa.

Nan ne kuwa babban aibin irin waɗannan littattafai duka. Mutuwa a cikinsu ba ta da zafi. A kashe mutum a babi na uku, a babi na huɗu ana shan shayi, ba zaman makoki, ba maraya. Barori da talakawa a littattafan Agatha kamar kujeru suke, ana gifta su. Tun 1944 wani marubucin Amurka, Raymond Chandler, ya soki wannan, yana ganin sun mai da kisan kai wasan masu hali. Yana da gaskiya, mu kuwa mun fi shi sanin haka. Tun wajen 2011 ƙasar Zamfara ta shiga masifar 'yan bindiga, Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda duk sun ɗanɗana. Wanda aka kore wa shanu da rana tsaka, masu korar ba su ko rufe fuska ba, me zai yi da labarin tsohuwa mai neman wanda ya taɓa kofin shayi? Labarin bin sawu yana tsayawa ne bisa zaton gari lafiya yake, ɓarna guda ce ta shigo, in an cire ta kome ya koma daidai. Wanda ya ga an tashi ƙauye sukutum ba zai yarda da wannan da sauƙi ba.

Duk da haka ban ce a ajiye su ba, ga kuwa dalilina. Ina yaro aka nemi kuɗi a wani gida na unguwarmu aka rasa. Nan da nan aka ce almajirin da ke yi musu aike ne. Aka yi masa dūka har ya amsa, don a ƙyale shi. Bayan kwana biyu aka ga kuɗin a cikin kufta, inda mai su ya sa da hannunsa ya manta. Ba wanda ya tambayi yaron inda yake lokacin da kuɗin suka ɓata. Abin da aka yi wa yaron nan shi aka yi ta yi da girma a shekarun fitinar nan, inda aka kashe mutane a kasuwanni bisa zato, don kamanninsu ko don yarensu, 'yan'uwansu kuma suka tashi ramuwa a kan waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Labarin bin sawu kuwa, kowane ɗaya ka ɗauka, an gina shi ne yadda wanda ka fara zargi zai fita ba shi da laifi. Marubuci zai bar ka ka kama baƙo, ko matalauci, ko mai mummunar fuska, sa'an nan ya kunyata ka. Wanda ya karanta goma irinsu, an kunyata shi sau goma a ɗakinsa ba mai gani, da wuya ya riga kowa ɗaga sanda a bakin rumbu.

Saura wahala guda wadda marubucinmu zai gamu da ita, Agatha kuwa ba ta gamu da ita ba. Ita in tsohuwarta ta nuna mai laifi, sai ɗan sanda ya tafi da shi, a rufe littafi. A Kurya Madaro kuwa dillaliya za ta gano wanda ya kwashe kuɗin adashin nan ƙanen mijin uwar adashi ne, kuma 'yarta ce ke aure a gidansu. Za ta kai maganar gaban mai unguwa, ko za ta kira uwarsa ɗaki su yi ta a rufe? In an yi a rufe, wa zai wanke wadda aka riga aka yi ta nunawa da baki a gidan biki? Babin ƙarshe na irin wannan littafi zai fi na Ingila tsawo, mai yiwuwa ma ya kai rabin littafin.